Rahoton Kwamitin Gyaran Makarantar Firamare ta Farish

Fada, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Aikin gyaran makarantarmu ya kammala, yara sun koma ajujuwansu. Kundin dokokin Ikklisiya na 1983, a sashe na 1287, ya wajabta wa masu kula da dukiyar coci su yi wa masu bi bayani kan abin da suka bayar. Shi ya sa muka rubuta wannan rahoto. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana manne a allon sanarwa, rasitai kuma suna hannun kwamitin kuɗi na farish.

Da farko mun ɗauka kwano kawai za a sauya, tunda yoyo ne ya kore yara daga ajujuwan baya. Da kafinta ya yaye rufin, sai ga katakon duk gara ta cinye, wani da hannu ake ɓare shi. Wannan kuskurenmu ne, ba na kowa ba: daga ƙasa muka yi kiyasi, babu wanda ya leƙa cikin silin. Dole aka cire katakon gaba ɗaya, aka sa sabo da aka shafe da maganin gara. Ana cikin haka, wanda aka ba odar kwano ya kawo wanda bai kai kaurin da aka yi yarjejeniya ba. Injiniyanmu ya auna, muka mayar masa. Mun san jinkirin ya ɓata wa wasu rai, amma da mun karɓa, ba a daɗe ba za mu dawo muna roƙonku.

Tsagewar bango kuwa daga ƙasa ta samo asali, don ruwan sama yana kwanciya a gindin ginin. An haƙa magudana, an ƙarfafa tushe, sannan aka yi filasta da fenti. An faɗaɗa tagogi, an sake daɓe, an raba bayan gida na 'yan mata da na maza, an kuma yi gangara a ƙofar shiga saboda masu keken guragu.

Akwai tambayar da aka yi a taron farko wadda ba za mu tsallake ba. Wani dattijo ya ce me zai sa a taɓa baikon coci don makarantar da iyaye ke biyan kuɗinta, alhali wasu ɗaliban ma ba Katolika ba ne? Tambaya ce ta gaskiya, kuma mun daɗe muna juya ta. Amsarmu ita ce makarantar ta farish ce, ba ta iyayen yara kaɗai ba. A cikin ajujuwan nan ake koyar da katikizim, a nan mawaƙa ke gwaji, a nan masu shirin aure ke ɗaukar darasi. Batun yaran da ba Katolika ba kuwa, Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ta riga ta yi magana a kansa. A takardarta kan ilimin Kirista, wadda Fafaroma Bulus na Shida ya fitar ranar 28 ga Oktoba, 1965, an roƙi limamai da masu bi su tallafa wa makarantun Katolika, musamman don matalauta, da yaran da suka rasa kulawar iyali, da waɗanda ba su cikin bangaskiyar. Tun 1597 ma, makarantar da Waliyyi Yusufu Kalasans ya buɗe a Roma kyauta ce ga 'ya'yan talakawa. Dattijon nan, Allah ya saka masa, daga baya shi ya riƙa kwana yana gadin siminti.

Abin da ke damunmu yanzu ba bango ba ne. A da, sistoci da 'yan'uwa masu alkawarin hidima ne ke koyarwa ba tare da neman albashi mai yawa ba. A wurare da dama sun ragu, malaman yau kuma magidanta ne masu iyali. In aka ƙara kuɗin makaranta don a biya su, ɗan talaka ya fita. In aka bar shi yadda yake, ƙwararren malami ya tafi, ga shi sashe na 806 na kundin dokokin Ikklisiya yana son karatunmu kada ya gaza na sauran makarantun yankin. Muna aikin nan mun ga yaran da ke ɗebo mana ruwa da safe, lokacin da ya kamata a ce suna aji. 'Ya'yan membobinmu ne.

Don haka muna ba majalisar farish shawara ta buɗe asusu na dindindin, rabi don kula da gini, rabi don ɗaukar nauyin yaran da iyayensu suka gaza, a kuma sa malami ɗaya da uwa ɗaya cikin masu sa hannu. A riƙa hawa silin sau ɗaya a shekara ana duba katako.

Katangar baya ba ta cikin aikin da aka ba mu, kuma ta fara karkata. Mun killace wurin da igiya, mun sanar da shugabar makaranta. Makullai da takardun aikin mun miƙa wa Fada.

Kwamitin Gyaran Makaranta