Makiyayan Yamal da Sakacin Daina Allurar Rigakafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wasu makiyaya da ke can ƙuryar arewacin Rasha, waɗanda ba kasafai ake jin labarinsu a wurinmu ba, alhali abin da ya same su ya shafi duk wanda yake da garke ko yake cin nama.

Na yi karatun likitancin dabbobi a Rasha, kuma a wancan lokaci na sami damar yin makonni uku tare da mutanen Nenets a yankin Yamal, kalmar da a harshensu take nufin ƙarshen ƙasa. Daga garin Salekhard muka tashi, a ƙarshen hunturu, lokacin da suke haramar ƙaura zuwa arewa. Irin wannan ƙasa ake kira tundura: fili ne fetal, babu itace ko ɗaya da zai kare mutum daga iska, kuma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka a daskare take shekara da shekaru, sai ɗan samanta ne kawai yake narkewa idan zafi ya zo. Sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, wani lokaci ma ya zarce haka.

Dukiyarsu wata irin barewa ce mai ƙaho kamar reshen itace, wadda suke kiwo kamar yadda Fulani suke kiwon shanu. Ita ce abincinsu, ita ce suturarsu, ita ce take jan amalankensu marar taya a kan ƙanƙara. Bukkarsu, wadda suke kira chum, dogayen sanduna ne da ake haɗa kawunansu a sama a lulluɓe da fatu, da murhu a tsakiya, kuma mata ne suke kafa ta su kwance ta duk lokacin da za a tashi. Ban manta da safiyar farko ba, da matar mai masaukina ta dubi rigar sanyin da na sayo a birni, ta girgiza kai, ta ɗauko mini malitsa, wato rigar fata mai gashi ta ciki, wadda hularta da safar hannunta duk a jikinta aka ɗinka su. Da rana kuwa aka ɗauko ɗanyen kifi wanda sanyi ya mayar kamar katako, aka fere shi siriri-siriri da wuƙa, aka barbaɗa gishiri, na ci. Jinin da suke sha da ɗumi bayan yanka ne na ce a gafarce ni, suka kuma girmama hakan ba tare da wani ya tambaye ni dalili ba.

Wasu iyalan sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kowace shekara tsakanin makiyayar hunturu da gaɓar tekun Kara. Yanzu burtalinsu ya haɗu da filin iskar gas na Bovanenkovo, wanda ya fara aiki a 2012, da bututu da layin dogo, har sai da aka ware musu wuraren ƙetarewa. Wanda ya san yadda gonaki suka cinye burtali a ƙasarmu ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya faru da su daga baya. A ƙarshen 2013 ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara, ya daskare ya zama kamar siminti, dabbobin suka kasa tona shi da kofato su kai ga gansakukar da suke ci, kimanin 61,000 suka mutu da yunwa. Wannan ƙaddara ce ta sauyin yanayi, ba wanda zai iya tare ta. Amma abin da ya biyo baya a 2016 da hannun mutum a ciki. A bazarar shekarar zafi ya haura digiri 30, ƙasa ta narke fiye da yadda ta saba, sai ciwon saifa, wanda likitoci suke kira antiraks, ya ɓarke, bayan rabonsu da shi tun 1941. Dabbobi sama da 2,300 suka mutu, aka kwantar da mutane da dama a asibiti, yaro ɗan shekara 12 ya rasu. Hukuma ta daina yi wa garkunan allurar rigakafin wannan cuta tun 2007, bisa tunanin cewa an rabu da ita, alhali ƙwayarta takan kwanta a cikin ƙasa shekaru masu yawa tana jiran ranarta.

Na kawo wannan ne domin a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona da ke Suleja ta Jihar Neja, kuma a tsawon aikina na sha jin mai shanu yana cewa tunda an daɗe ba a ga cutar ba, babu dalilin wahalar da dabbobi da allura. Na kuma sha ganin an yi hanzarin yanka saniyar da ke gargarar mutuwa an raba namanta, ko da jini yana fita ta hancinta.

Saboda haka ina roƙon wannan jarida ta aika wakilanta zuwa ma'aikatun da ke kula da dabbobi a jihohinmu, su tambayi yaushe aka yi allurar ciwon saifa ta ƙarshe, dabbobi nawa aka yi wa, kuma ko an kai ta har rugage, sannan a buga amsar kowace jiha domin makiyaya su gani.

Wassalam,
Likitan dabbobi mai ritaya, Zariya