Roƙon Tallafi: Abincin Buɗe-Baki a Kawo Shi Tun da Kaka

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu, 'yan kasuwa da matasan unguwa, kwamitin masallacin Juma'a na neman gudummawarku don ciyar da masu azumi bana. Babban roƙonmu shi ne a kawo da wuri, kuma a rubuta alkawari tun yanzu da hatsi ke araha a Dawanau da kasuwannin ƙauye.

Ga dalili. Abin da ke karya ciyarwar azumi ba rowa ba ce, rashin tsari ne. Makon farko kaya su yi ambaliya, goman tsakiya sito ya bushe, goman ƙarshe kuma kowa ya kawo lokaci guda har kunu ya kwana ya yi tsami. Masana harkar sarrafa kaya sun daɗe da gano wannan hali na ɗan Adam. A jami'ar MIT ta Amurka, inda Jay Forrester ya koyar, an ƙirƙiro wani wasa mai kujeru huɗu: mai shago, ɗan sari, babban dila da masana'anta. Buƙatar masu saye tana tashi sau ɗaya tak, daga kwali 4 zuwa 8 a mako, ta tsaya a nan. Amma da yake kaya na ɗaukar makonni kafin su iso, sai mai shago ya firgita ya ƙara oda, ɗan sari ya ninka, kafin a kai masana'anta abin ya zama tulin kayan da ba mai so. A 1989 John Sterman, wani malamin jami'ar, ya nuna tushen matsalar: mutum yana kallon abin da ke gabansa, ya manta da wanda ya riga ya aika a sayo yana kan hanya. Duk wanda ya taɓa ganin mutum uku sun sayo sukari rana ɗaya don an ce ya ƙare, ya san wannan ciwo.

Saboda haka bana mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarnin saye, kuma littafin sito zai kasance da gida biyu: abin da ke ƙasa da abin da ke hanya. Lissafinmu gero tiya 10 a rana. Saye, surfe da niƙa suna cin kwana 3, wato tiya 30, sai a ɗora tiya 10 na ko-ta-kwana. Ba za a sake saye ba sai jimillar gidajen biyu ta sauko zuwa tiya 40.

Sai batun yawan girki. Binciken Maurice Schweitzer da Gérard Cachon na 2000 ya nuna masu yanke shawarar adadin da za a tanada na kayan da ba sa jimawa suna karkata zuwa matsakaicin abin da ake saye maimakon adadin da ya fi dacewa, suna kuma bin sawun abin da ya faru jiya. Jiya an yi ragowa, yau a rage tukunya, sai ga baƙi. Mu za mu ƙirga mahalarta kowace magariba, mu ɗauki matsakaicin kwana bakwai, mu ɗora kaɗan a kai. Ragowar ƙosai tana da masu ci da sahur, amma mai azumin da ya tashi hannu wofi ba abin da zai rama masa.

Abin da ake buƙata: gero buhu 8, wake buhu 6, sukari, tsamiya, man gyaɗa, dabino da itace. Muna kuma neman sikeli, katakon da za a ɗora buhuna don kada su sha sanyin ƙasa, da buhunan PICS masu rufi uku da ke hana iska shiga, domin waken da aka ajiye watanni a buhu na gama-gari ƙwari ne ke fara buɗe-baki da shi.

Wanda ba zai iya bayarwa yanzu ba, ya faɗi adadi da makon da zai kawo, a rubuta. Tiya ɗaya da muka san ranar zuwanta ta fi mana amfani a lissafi bisa buhun da zai faɗo ba sanarwa. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Ana samun ma'aji da mai kula da sito a harabar masallaci bayan sallar Juma'a da kuma bayan La'asar ranar Lahadi. Kowace gudummawa za a auna ta a gaban mai ita, a ba shi rasit, kuma za a riƙa liƙe bayanin shiga da fita a allon masallaci kowane mako.