Ɗan jarida da kujerar gwamnati: ina da ja

Malam Edita, assalamu alaikum.

Jikana ne ya karanta mini sharhin da kuka buga makon jiya, don idona ya daina jure wa ƙananan rubutun waya. Marubucin ya yanke hukunci cewa duk ɗan jaridar da ya karɓi aikin gwamnati ya sayar da alƙalaminsa. Na gane abin da ke ci masa rai, amma ya yi mana kuɗin goro, kuma hujjata ɗan ƙasarmu ne, marigayi Alhaji Magaji Dambatta.

Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a jaridar Comet ta Azikiwe, wadda ake bugawa a Kano, kuma yana cikin mutum takwas ɗin da suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, tare da su Abba Maikwaru da Bello Ijumu. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. A wancan zamani, a ce kai ɗan Sawaba ne, wato ɗan NEPU, kawai ya isa ɗan doka ya tasa ƙeyarka gaban alƙali, a ce ka zagi sarki. Daga baya sai ga shi a ma'aikatar watsa labarai ta Jihar Arewa, ƙarƙashin gwamnatin Sardauna, wato gidan jam'iyyar NPC da 'yan NEPU suke adawa da ita. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana jin haushin wannan. Ni kuwa da na girma sai na ga abin daban. Ko Malam Abubakar Imam, wanda ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Zariya a 1939, ai daga baya ya zauna a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Arewa. Shi ma za a ce ya sayar?

Ina yaro na ga yadda ake karɓar haraji. Mahaifina a cikin naɗin hularsa yake ajiye rasit, ko gona za shi. Wani maƙwabcinmu ya taɓa kwana biyu a cikin rumbu don mai unguwa na nemansa, matarsa na miƙa masa fura ta saman. Shekara kusan talatin 'yan NEPU da masu rubutu a jarida suna kuka a kan haraji da jangali, amma ba a soke su a Kano ba sai 1979, da Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna a ƙarƙashin PRP. Kukan ya yi aikinsa, ba musu. Sai dai sa hannun, daga cikin ofis aka yi shi. In duk mai kishin talaka zai tsaya a waje, wa zai riƙe biron a ciki?

Inda nake tare da marubucinku shi ne abin da muke gani yau. Akwai wani yaro da na koyar a firamare, ya zama wakilin wani gidan rediyo. Ya sha zuwa garinmu a kan babur, ya tsugunna a bakin rijiyar burtsatse da ta lalace, ya naɗi muryar mata masu jiran ruwa. Muna alfahari da shi. Bara aka ba shi muƙamin mai taimaka wa wani shugaba kan yaɗa labarai. Da rufin ajinmu biyu ya yaye da damina, sau huɗu ina kiransa bai ɗauka ba. Bayan kwana uku sai ga shi a Facebook yana cewa babu makarantar da ba a gyara ba a yankin. Ban ji zafin ƙin ɗaukar wayar ba kamar wannan rubutu, don ya san ajin, a ciki ya koyi baƙaƙe.

To ka ga, Malam Edita, kujera ɗaya ce, zaman ne ya bambanta. Roƙona gare ku: duk lokacin da aka naɗa wani daga cikinku, ban da hoton taya murna, ku adana rahotannin da ya yi a baya. Bayan shekara guda ku fito da su, ku aika wakili ya koma waɗannan garuruwa ya gani. Idan za a fara da namu, hanya ta bushe yanzu, babur na shiga.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
daga wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Dambatta, Jihar Kano.