Birkin motar yau da kullum ba na tsere ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu mota, musamman matasan da suka mai da birki kayan ado.

Shekara tara ke nan ina jan Corolla ƙirar 2008, kullum daga Hotoro zuwa Sabon Gari. A cunkoson Kano, tsakanin 'yan adaidaita sahu da masu baro, ƙafa ba ta rabuwa da birki. Bara ɗan ƙanena ya zuga ni na sa takalmin birki irin na motocin tsere, wai ya fi kamawa. Yana kamawa kam, amma sai bayan ya ɗau zafi tukuna. Da sassafe a hunturu sai na danna da ƙarfi kafin motar ta saurare ni, ga ƙara kamar ana wasa wuƙa. Kafin damina ta faɗi ya ƙwaƙule mini faifan birki biyu na gaba.

Bakanikena, dattijo ne mara yawan magana, ya duba ya ce, "Alhaji, wa ya aike ka?" Ya mayar mini da na siramik daidai da lambar motar. Shi ba ya ƙara, ba ya baƙanta wili da ƙura sosai. Mai haɗin ƙarfe kuwa ya fi jure zafi, shi ya dace da mai ɗaukar kaya ko mai yawan gangara Hawan Kibo, amma ya fi cin faifai. Can ɗin ma, giya ƙarama ce ke riƙe mota.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne man birki. Tunda na sayi motar ban taɓa canza shi ba, sai dai ƙari. Ashe nau'in man birki na DOT 3 da DOT 4 suna tsotsar danshi daga iska, idan ruwa ya yi yawa a ciki, man yakan tafasa in birki ya yi zafi, ka taka ka ji lagwab. Duk shekara biyu ya kamata a zubar a sa sabo.

Mai son inganta birkinsa ya fara da wannan, da tayoyi masu rai, domin taya ce ke taɓa kwalta. Kuma idan kaurin takalmi ya sauko milimita 3, a canza hagu da dama tare. Na gwanjo kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na so.

Naka,
Mai karatu daga Hotoro, Kano