Baba, Shamuwa Ta Iso?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya zafin bazara? Ya jikin Inna? Ku gaishe min da ita da su Yaya da Auta. Ni nan Holan lafiya lau, aiki sai godiya.

Baba, ran nan a waya kun tambaye ni inda nake zuwa kowace Asabar da asuba, na ce ƙirgen tsuntsaye, kuka yi shiru, sannan kuka ce, "Biyanku ake yi?" Ba a biyanmu ko sisi, aikin sa kai ne.

Akwai wani tsuntsu da mutanen nan suke kira grutto, mai dogayen ƙafafu da dogon baki miƙaƙƙe, ƙirjinsa ja-ja kamar jan ƙasa. A 2015 suka zaɓe shi tsuntsun ƙasarsu. Wajen shekarun 1960 akwai ma'aurata kusan 120,000 a nan, yau ba su kai kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. A ƙasa yake yin ƙwai, cikin ciyawar makiyayar shanu, yawanci guda huɗu. To manoma sun janye ruwan fadamun, kuma suna yanke ciyawa da inji tun kafin 'yan tsakin su yi fiffike. Wanda inji bai taka ba, yunwa ta kashe shi, don ƙwarin da yake ci a doguwar ciyawa suke.

Mukan fita mu uku, ni da wani tsohon malamin makaranta da matarsa. Muna tsayawa a bakin gona da madubin hangen nesa, mu lura da inda uwar ta sauka, mu kafa sanda kusa da sheƙar don mai inji ya kauce. Duk abin da muka gani sai mun rubuta: rana, wuri, adadi, har launin zobban da masu bincike suka sa wa wasu a ƙafa. A watan Janairu kuma mun shiga ƙirgen tsuntsayen ruwa na duniya, wanda ake yi duk shekara tun 1967. Ranar nan yatsuna ko biro sun kasa riƙewa don sanyi.

Abin da ya kama ni shi ne, tsuntsun nan baƙo ne kamar ni. Idan sanyi ya gabato sai ya tsallake hamada ya sauka gonakin shinkafa na Senegal da Gine Bisau. Da malamin ya ji daga Kano nake, sai ya tashi ya ɗauko taswira ya ɗora yatsa a kan fadamar Haɗejiya da Nguru, ya ce tsuntsayen Turai masu ɗimbin yawa can suke cin rani. Wallahi kunya ta rufe ni. Wurin da tun 2000 aka sa wani sashensa cikin dausayin da duniya ke karewa, ni ban taɓa taka shi ba. Kuma ruwan da ke ciyar da shi ta wajenmu yake bi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Mu mun samu ruwan famfo da noman rani, ban raina wannan ba, amma na can ƙasa, mutum da tsuntsu, su suka ɗauki nauyin.

Tun ranar nake tunanin kududdufin bayan gidanmu. Kun sha ba mu labarin zalɓe da balbela da kirinjijiya da ke sauka a kansa lokacin kuna yara, har kun ce kun san gauraka da ido. Ni na tashi na tarar da shi bola ce, yanzu kuwa Auta ya ce an cike shi an yi shaguna. Mutanen nan sun san nawa suka rasa saboda sun ƙirga. Namu sun tafi babu wanda ya rubuta ko ɗaya. Ku kuka karantar da ni a Suratul An'am cewa tsuntsaye al'ummu ne irinmu, kuma ayar ba ta taɓa shiga raina kamar bana ba.

Don haka ina roƙon alfarma. Ku zaunar da Auta bayan sallar la'asar, ku faɗa masa sunan duk tsuntsun da kuka sani a kududdufan birni, da wurin, da lokacin zuwansa, ya rubuta a littafi. Shi kuma ya riƙa duba tsamiyar kusa da masallaci, ranar da ya fara ganin shamuwa ya rubuta kwanan watan da yawansu, ya turo min ta WhatsApp. Na haɗa da kuɗin littafi cikin na cefanen watan nan.

Ku sa ni a addu'a. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba mu damina mai albarka.

Ɗanku.