Mahaifiyata da Matan da Suka Bi Gida-Gida

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ambaci mahaifiyata, wadda Allah ya yi wa rasuwa kwanan baya tana da shekara fiye da 90 a duniya. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, kuma ba zan rubuta sunanta a nan ba domin ita kanta ba ta son haka. Sai dai a kwanakin da muka zauna karɓar gaisuwa, mata suka yi ta shigowa, da yawansu ban san su ba, kowace tana faɗin abin da Inna ta yi mata, har na gane cewa mu 'ya'yanta kaɗan muka sani daga cikin aikinta.

Aikin nan da baƙin ciki ya faro. Cutar agana ta ɗauke mata ɗa guda, ita kuma ta bar mata zanzana a fuska har ƙarshen ranta. Da aka fara gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma a 1967, 'yan lamba suka iso, iyaye mata da dama suka riƙa ɓoye 'ya'yansu saboda tsoro. Inna ta tasa mu gaba aka fara yi mana, sannan ta shiga gaban ma'aikatan tana sallama gida-gida, duk inda aka yi gardama ta nuna fuskarta ta ce wannan ne abin da take guje wa 'ya'yansu. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa agana ta ƙare a doron ƙasa. Idan ana ba da wannan labari likitoci da gwamnatoci ake yaba wa, kuma sun cancanta, amma lamba ba ta hawa dantsen yaro sai uwarsa ta miƙo shi, uwa kuwa ba ta miƙo ɗanta sai wadda ta yarda da ita ta yi mata magana.

Da girmanta ta koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa da aka buɗe ilimin firamare kyauta a 1976 ba ta huta ba sai da ta zaga iyayen da ke jinkirin sa 'ya'ya mata a makaranta. Ta raka masu ciki awo, ta kwana a asibiti da matan da doguwar naƙuda ta galabaitar, kuma a zaɓen 1979, karo na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓe, tun da sassafe ta fita da maƙwabtanta.

Lokacin da ya fi mata wuya shi ne 2003, sa'ad da jita-jita ta yaɗu a kan ɗigon shan-inna har waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da riga-kafin. An rufe mata ƙofa a gidajen da ta sha kwana jinya, an kuma kira ta 'yar koren Turawa. Abin da nake girmama ta a kansa shi ne ba ta taɓa kiran masu ƙin ɗigon jahilai ba, domin ta san tsoronsu yana da tushe, musamman bayan gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau. Maimakon jayayya, sai ta riƙa tara jikokinta a ƙofar gida a ɗiga musu kowa yana gani, ta kuma koma gidajen da aka kore ta da haƙuri har suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ja kwananta ta ji a rediyo, ranar 25 ga Agusta, 2020, cewa an tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta fara lissafa sunayen ƙawayenta da suka yi yawon tare suka riga ta tafiya.

Waɗannan sunaye ne suke damuna. Mun san Nana Asma'u domin ta bar rubutu, amma yawancin jaji, wato malamai mata da suka kai karatunta ƙauyuka, sunayensu sun ɓace. Mun san Hajiya Gambo Sawaba domin ɗaurin da ta sha ya shiga jarida, amma matan da suka tsaya a bayanta fa? Ni kaina ban naɗi muryar Inna ko sau ɗaya ba, alhali waya tana aljihuna kullum, kuma wannan nadama ba za ta bar ni ba.

Saboda haka nake roƙon ka ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, inda wakilanka za su zauna da irin waɗannan dattijai mata tun suna raye, su rubuta abin da suka yi da bakinsu. Allah ya jiƙan Inna da ƙawayenta, ya sa aljanna ce makomarsu.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum