Kunya daban, rashin iya magana daban

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda yaranmu suke tasowa ba su iya magana da mutane ba, mu kuma iyaye muna ta yabonsu wai kunya ce da tarbiyya.

Ni tela ne, kuma a shago nake ganin abin nan kullum. Za a kawo maka yaro koyon ɗinki, hannunsa mai kyau, nan da nan ya iya taka keke ya iya yanka, amma kwastoma ya shigo ba ka nan sai ya sunkuyar da kai yana wasa da tef ɗin awo, ba sannu da zuwa ba ga wuri zauna, iyakaci oga baya nan. Babbar matsalar sai azumi ya raba tsakiya, mutum ya kawo shadda yana so kafin sallah, yaron nan ya san sarai kayan da ke jibge a shago ba za su bari ba, amma bakinsa ba zai iya furta Alhaji kayi haƙuri ba zai samu ba, sai yace to insha Allahu ya karɓa, daga nan sai kashe waya da ɓuya, daren sallah a zo ana zage-zage a ƙofar shago. Mutane suna cewa teloli maƙaryata ne, to akwai maƙaryatan ban musa ba, amma wallahi da yawa tsoron cewa a'a ne ya jefa su. Kuma wannan yaron da ya kasa haɗa ido da kwastoma, ka leƙa shi a Facebook ko TikTok kaga yadda yake zazzaga wa sa'an babansa magana.

Daga gida aka faro. Yaro ya buɗe baki ace yi mana shiru, wa ya sa da kai, manya na magana kana sa baki. Ya yi tambaya ace ya cika surutu. Yarinya kuwa nata ya fi muni, da ta faɗi ra'ayinta an ce mata fitsararriya. A haka za su girma, zance ma yanzu duk a chatin ake yinsa, sai a ɗaura aure a kai su ɗaki ɗaya ace su zauna lafiya, da wane bakin? Abu na damunta ya tambaya tace ba komai, tana ta tarawa a ciki har ranar da zai fashe ta haɗa kaya tayi yaji. Shi kuma ba zai iya cewa yau ba ni da kuɗin cefane ba, ba zai iya cewa na yi kuskure kiyi haƙuri ba, ko abincin nan ya yi daɗi ma nauyi yake masa, sai ya haɗe rai ya fice majalisa sai sha biyun dare. Auren da ba duka ba yunwa amma ya mutu, in ka bi diddigi sau da yawa shirun nan ne.

Gwamnatin Kano ta yi ƙoƙari a harkar aure, tun 2012 da Hisbah ta fara auren zawarawa zamanin Kwankwaso, a 2023 aka aurar da ma'aurata 1,800 aka ba su gado da katifa da jari, a 2024 kuma gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Duk abin a yaba ne. To amma an gwada jini an kai kayan ɗaki, wa ya zaunar da su ya koya musu yadda mutum zai faɗi abin da ke ransa ba tare da zagi ko kuka ba?

Kar wani yace ina yaƙi da kunya, kunya tana cikin imani kowa ya sani. Amma Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Khaula bint Sa'alaba ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta kai kukan abin da mijinta ya yi mata, tana maimaitawa, har Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Ba wanda ya ce mata mara kunya.

Kuma abin nan koyonsa ake yi, ba wai wani an haife shi da baki wani babu ba. Da can aike ne makarantarmu, a tura ka gidan maƙwabta ka yi sallama ka durƙusa ka gaida mutane ka isar da saƙo ka dawo da amsa, a tura ka kasuwa ka yi ciniki ka nemi ragi. Yanzu uwa sai ta ɗaga waya ta gama komai yaro na kwance a ɗaki. Ni a shagona na sa doka, duk wanda ya shigo yaro ne zai tarbe shi ya gaishe shi ya faɗa masa kuɗin ɗinki da ranar karɓa da bakinsa, ina gefe ina ji, in ya yi in'ina ba mai dariya, sai mutumin ya tafi in gyara masa. Da farko murya na rawa gumi na zuba, amma wata biyu uku sai kaga yaro ya saki jiki.

Roƙona ga iyaye, in yaro na magana a bar shi ya kai aya, ko shirme yake a gyara masa bayan ya gama. Malaman islamiyya da na boko a dinga tsayar da kowane yaro gaban aji ya yi bayani, ba kullum masu baki uku ko huɗu ba. Hisbah kuma in za a yi wa angwaye da amare bita, bayan wa'azin haƙuri a nuna musu a aikace yadda ake ba da haƙuri da yadda ake kawo ƙorafi, a kuma ware lokacin da su ma za su yi tambaya.

Na gode Edita.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano